WA YA BA MU LABARIN MUTUWAR SARKI ALWALI?

Mai karatu, a hutun babbar sallar da ta wuce na tafi gida Kibiya da wani tsohon littafin Turanci a jakata, wanda na saya a wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi a Kano. Sunansa The Daughter of Time, wata marubuciya 'yar Birtaniya mai suna Josephine Tey ce ta rubuta shi, ya fito a 1951. Na tafi da shi ne don in rage dare, ban san musu na ɗauko wa kaina ba. Kafin hutun ya ƙare littafin ya bi ta hannun ƙanwata, wadda babu littafin Hausa da zai shigo gidanmu ya fita ba ta gama da shi ba, ya kuma bi ta hannun wani abokina malamin sakandare a Rano. Na ukunsu Baffanmu ne, ƙanin mahaifinmu, wanda ba ya karatun Turanci, amma da ya ji gardamarmu ta yi yawa a zaure sai ya sa na ba shi labarin daga farko har ƙarshe.

Ga labarin a taƙaice. Wani jami'in 'yan sandan ciki na Landan mai suna Alan Grant ya karye a ƙafa, yana kwance a asibiti zaman ya ishe shi. Sai aka kawo masa hotunan fuskokin mutanen da, a cikinsu har da na Sarkin Ingila Richard na Uku, wanda duk ɗan makaranta a ƙasar ya san shi a matsayin azzalumin da ya kashe 'ya'yan wansa biyu a 1483 don ya riƙe sarauta. Grant ya dubi fuskar ya ga ba ta yi masa kama da ta mai kisan kai ba. Daga kan gadon nan ya fara bincike, wani matashi Ba'amurke yana ɗebo masa bayanai daga tsofaffin takardu. Abu na farko da ya gano shi ne, Thomas More, mutumin da kowa ke dogara da labarinsa, yaro ne ɗan kimanin shekara 5 lokacin da abin ya faru, kuma ya yi zama a gidan John Morton, babban abokin gabar Richard. Wato shaidar da aka gina hukunci a kanta ji-ta-ji-ta ce, kuma an rubuta ta a zamanin gidan sarautar da ya kashe Richard a yaƙin Bosworth a 1485 ya gaje gadonsa. A 1990 ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta zaɓi wannan littafi a matsayin na ɗaya cikin ɗari.

Ƙanwata ce ta fara yanke hukunci. Ta ce, “Yaya, wannan ai ba littafin bincike ba ne, darasin tarihi ne aka sa masa rigar ɗan sanda. Ba gudu, ba harbi, ba wanda aka kama, wanda ake zargin ma ya shekara ɗari huɗu da mutuwa.” Malamin Rano kuwa littafin ya burge shi ƙwarai, amma ya ce irin wannan labari ba zai taɓa zama a ƙasarmu ba, domin Turawa suna da takardun kotu da na baitulmali da wasiƙu na ɗaruruwan shekaru, mu kuwa sai an ce, an ce. Baffa bai ce komai ba sai da na kawo ƙarshen zancen, wanda ba ya cikin littafin domin ya faru ne shekara 60 bayan rasuwar marubuciyar.

A 2012 masana na Jami'ar Leicester suka haƙa wani filin ajiye motoci a garin, inda a da can akwai majami'a, suka sami ƙasusuwan wani mutum mai karkataccen gadon baya, da raunuka 11 a jikinsa, 9 daga ciki a ƙoƙon kai. Aka gwada ƙwayoyin halittarsa, wato DNA, da na wasu mutane biyu da suka fito daga tsatson 'yar'uwar Richard ta wajen mata, aka ga sun dace. A watan Fabrairu na 2013 aka sanar cewa shi ne, a 2015 aka sake binne shi. A nan ne Baffa ya gyara zama ya ce, “Subhanallahi! Yanzu ku wannan ne ya burge ku? A tone mutum a kwancinsa don a kashe ƙishirwar masu son labari? To ahir ɗinku, kada in ji wani ya kawo mana wannan a nan.”

Na yi kwanaki ina juya maganganun nan uku, kuma kowannensu yana da gaskiyarsa. Abin da na kasa yarda da shi kawai shi ne cewar da malamin ya yi wai ba mu da irin wannan labari. Muna da shi, kuma a ƙofar gidanmu ya ƙare.

Muhammadu Alwali ɗan Yaji shi ne sarki na 43 a jerin sarakunan Kano, kuma na ƙarshe a sarakunan Haɓe. Bisa lissafin da aka saba, ya yi sarauta daga 1781 zuwa 1807. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, almajiransa da ke ƙasar Kano, irin su Malam Jamo da Malam Bakatsine da Malam Ɗanzabuwa da Malam Dabon Dambazau da Malam Jibir, su ma suka ware suka yi tasu hijirar, aka shiga yaƙe-yaƙe har aka kai ga karon Ɗanyaya inda rundunar sarki ta karye. Littafin nan na Larabci da aka sani da Tarihin Kano ya ba da sauran labarin cikin 'yan layuka. Alwali ya bar birni ya nufi Zariya, Zazzagawa suka ƙi karɓarsa, ya juyo ya zo Rano, masu jihadi suka bi shi har Burumburum, a can aka kashe shi. Burumburum ɗin nan ita ce wadda ke ƙaramar hukumar Tudun Wada a yau, maƙwabtanmu ne mu mutanen Kibiya, muna cin kasuwannin juna muna auratayya.

Ka dubi kamar da ke tsakanin mutanen nan biyu. Richard shi ne sarkin ƙarshe na gidansu, an kashe shi a wajen babban birninsa, waɗanda suka zo bayansa suka rubuta labarinsa. Alwali ma haka. Saboda haka tambayar da Grant ya yi daga gadon asibiti ita ce ta kamace mu: wa ya ba mu wannan labari, yaushe ya rubuta, kuma a inuwar wa yake zaune lokacin da yake rubutawa?

Shaidu uku ne a gabanmu. Na farko Infakul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda aka kammala a 1812, shekara biyar kacal bayan abin. Shi ya fi kusa a lokaci, amma daga nesa aka rubuta shi, kuma jagoran ɓangare ɗaya ne ya rubuta, Kano kuwa yanki ce kawai a cikin babban labarin da yake bayarwa. Na biyu Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda aka rubuta a Kano a 1868 zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Shi ne ya fi ba da bayanin yadda jama'ar Shehu suka yi yaƙinsu a ƙasar Kano, amma an yi kusan shekara 60 kafin a rubuta shi, kuma sunan littafin da kansa ya nuna labarin jama'a ne ya zo bayarwa. Na uku shi ne Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48 daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello ɗan Dabo, wanda ya rasu a 1893. Wannan na ukun shi ne ya fi shahara, shi ne kuma babu sunan marubuci a jikinsa.

H. R. Palmer, jami'in mulkin mallaka, ya sami kwafinsa a wajen Katsina ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya sake buga shi a 1928. Shekarun miladiyya da muke haddacewa, irin su 999 na Bagauda, babu su a asalin littafin. Abin da ke ciki shi ne yawan shekarun da kowane sarki ya yi, Palmer ne ya yi lissafi da baya-da-baya ya fitar da su. Fassarar Hausa kuwa ta fito a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda hukumar fassara ta Zariya ta buga a farkon shekarun 1930, daga nan ne ya shiga makarantu ya zama abin da kowa ya sani.

Masana sun daɗe suna ja-in-ja a kan wanda ya rubuta shi. Murray Last a 1980 ya kawo ra'ayin cewa an fara haɗa shi tun wajen tsakiyar ƙarni na 17, aka riƙa ƙara masa daga baya. M. G. Smith shi ma ya yi dogon nazari a kan yadda za a dogara da shi a matsayin tarihi. Sai a 1994 John Hunwick, masanin rubuce-rubucen Larabci na Afirka ta Yamma, ya fitar da wata maƙala wadda ya sa wa suna da kalmar da Turawa ke kiran littafin binciken kisan kai da ita, wadda ma'anarta ita ce “wa ya aikata?” Da na gaya wa ƙanwata wannan sai ta yi dariya ta ce ashe su ma manyan sun san daɗin abin. Hunwick ya yi aikin ɗan sanda sosai. Ya dubi salon Larabcin littafin, ya gwada shi da sauran jerin sunayen sarakunan Kano da ake da su, ya dubi inda labarin ya tsaya, ya kuma bi abin da aka ji daga bakin mutanen Kano. Ya tsaya a kan cewa aikin mutum ɗaya ne, an yi shi a zamanin Sarki Bello, kuma wanda ya fi dacewa da zama marubucin shi ne Malam Barka, wanda ya riƙe sarautar Ɗanrimi.

Wannan suna yana da muhimmanci. Ɗanrimi da Shamaki da Sallama su ne manyan bayin sarki a fadar Kano. Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819, ya raya sarautun bayin sarki da ya ga mulki ba zai zauna ba sai da su. Mutanen cikin gida su ne ma'ajiyar kirari da al'adun fada da labaran sarakunan da suka shuɗe. Idan Hunwick ya yi daidai, to mai ba mu labarin Alwali bawan Sarkin Fulani ne, yana cin tuwon gidan Dabo, amma kunnensa cike yake da zantukan gidan da aka tumɓuke.

Da wannan a zuciya na koma na sake karanta babin Alwali, sai na ga abin da ban lura da shi ba a da. Marubucin bai zagi Alwali ba. Ya ce da hawansa ya tara gero da dawa saboda tsoron yaƙi da yunwa, duk da haka yunwar ta same shi. Da ya zo kan jihadi kuwa, bai yi dogon yabo ba, ya faɗi abin da ya faru a gajarce ya wuce. Sannan ga labarin Dirki. Dirki wani abu ne da aka naɗe da fatu, sarakunan Kano suka daɗe suna yi masa yankan shanu. Fadawa suka nemi Alwali ya ba da shanu 40 kamar yadda aka saba, ya ƙi. Da suka matsa masa da cewa masifa za ta biyo baya, sai ya fusata ya sa samari suka sassare shi da gatura, da aka kai ciki sai ga Alƙur'ani. Wannan labari fuska biyu gare shi. Mai son tsohuwar al'ada zai ce sarki ya keta abin da kakanninsa suka tsare, shi ya sa mulki ya suɓuce masa. Almajirin Shehu kuwa, in zai yi adalci, sai ya ce ai wannan sarki bidi'a ya rusa da hannunsa. Marubucin ya ajiye labarin ya bar mai karatu da shi. A tawa fahimtar, wannan hannun mutum ne da ke tsakanin gida biyu, yana auna kowace kalma kafin ya sa ta.

A nan ne namu ya bambanta da na Ingila. More da Shakespeare sun mayar da Richard dodo, mai ƙusumbi da shanyayyen hannu. Namu marubucin bai yi wa Alwali haka ba. Abin da ya yi shi ne shiru. Bai faɗi wanda ya jagoranci waɗanda suka bi sarkin ba, bai faɗi yadda mutanen Rano suka karɓe shi ba, bai faɗi abin da ya sami talakawan da yaƙi ya biyo ta gonakinsu ba. Shi daga cikin Gidan Rumfa yake kallo, da sarki ya fita daga ganuwa sai labarin ya tsuke ya koma layi biyu.

Wannan shirun shi ne ya fi shafarmu. Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Biram. Sarkinta ake wa laƙabi da Autan Bawo, kuma a al'adance ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Amma abin da yawancinmu muka karanta game da ita daga littafin Kano muka same shi, inda take fitowa a gefen labarin wani. Sarki Yaji na farko, wanda aka lissafa masa 1349 zuwa 1385, ya kori Sarkin Rano ya shiga garin. Bayan shekara fiye da 400 Alwali ya zo neman mafaka. Me ya sa Rano ya nufa da Zariya ta ƙi shi? Ni dai ina ganin duk wanda ya san yankin zai iya hasashe: tana tsakanin Zazzau da Kano, ga duwatsu tun daga Rano har Rurum, ga garuruwa masu ganuwa, kuma wuri ne da mai fatan komawa gida zai tsaya ya tara mutane. Hasashe ne na faɗa, kuma littafin bincike ya koya mana kada a haɗa hasashe da shaida a kwano ɗaya.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne marar amfani. A watan Mayu na 2019 gwamnatin Kano ta Abdullahi Ganduje ta ƙirƙiri masarautu huɗu, Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, aka ba Alhaji Tafida Abubakar Ila sandar Sarkin Rano mai daraja ta ɗaya, ya rasu a watan Mayu na 2020. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, a watan Yuli na shekarar kuma aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Ba ra'ayin siyasa na zo bayarwa ba. Abin da na gani da idona shi ne, a duk tsawon wannan taƙaddama kowane ɓangare tarihi ya riƙa jawowa. Wannan ya ce Rano ƙasa ce mai cin gashin kanta tun Bawo, wancan ya ce tun zamanin Yaji take bin Kano. Na zauna a majalisu da yawa ana wannan musu, ban ji wanda ya tsaya ya tambayi wa ya rubuta littafin da ake kafa hujja da shi ba.

Yanzu bari in koma kan Baffa. Na gaya masa ni ma ba na goyon bayan a taɓa kabarin kowa, kuma ko a Ingila tonon bai warware komai game da yaran nan biyu ba. Ƙashi ya faɗi wane ne mutumin, ya faɗi irin saran da ya kashe shi, ya nuna bayansa a karkace yake amma hannuwansa lafiya lau. Wanda ya kashe yaran kuwa har yau musu ake yi. Akwai wasu ƙasusuwan yara biyu da aka samu a Hasumiyar Landan a 1674, aka duba su a 1933, kuma ba a ba da izinin yi musu gwajin zamani ba. Ashe ko a can akwai inda ake ja wa masu bincike layi.

Binciken da ya dace da mu ba ya buƙatar a ɗaga ƙasar kabari. Tsohuwar takarda in ka ɗaga ta a rana za ka ga tambarin masana'antar da ta yi ta a cikin jikinta. Yawancin takardun da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 daga arewacin Italiya suka zo ta hanyar Sahara, da tambarin jinjirin wata uku, kuma masana suna amfani da irin waɗannan tambura su kimanta shekarun littafi. Tawada ma tana magana, ta gawayi da ƙaro daban, ta bagaruwa daban. Hannun marubuci yana nuna makarantar da ya fito. Gawayin da aka samu a tsohuwar maƙera ana auna shekarunsa, da irin wannan awo ne aka gane ana narka ƙarfe a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda. Kufai da ragowar ganuwa da kasko suna nan a ƙasar Rano, ruwan sama da garma da masu ɗibar ƙasar gini suna cin su kullum. A gidajen limamai da alƙalai da dagatai kuma akwai gafakoki da tsofaffin wasiƙu da gara ke yi wa hidima.

Da na gama wannan bayani sai Baffa ya yi shiru, can ya ce shi tun yana yaro ya ji tsofaffi suna cewa an taɓa kashe wani sarkin Kano a Burumburum, amma bai taɓa sanin sunansa ba sai yau. Na ce, “Baffa, me ya sa ba ku taɓa gaya mana ba?” Ya ce, “Wa ya tambaye mu? Ku da kuka yi boko ai littafi kuke tambaya.” Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Waɗanda suka ba shi labarin sun ji ne daga jikokin waɗanda aka yi abin a gabansu, kuma duk sun tafi da abin da suka sani.

Malamin Rano ya janye rabin maganarsa. Ya yarda muna da abin bincike, amma ya ce masu binciken ne babu, ya kuma yi alƙawarin zai ba ɗalibansa aikin hutu, kowa ya je ya zauna da dattijo mafi tsufa a unguwarsu ya rubuto abin da ya ji, da sunan wanda ya faɗa da kuma wanda shi ya ji daga gare shi. Ƙanwata kuwa ba ta janye komai ba, har yanzu tana nan a kan cewa littafin Tey ya cika sanyi. Amma ta ce in da wani marubucinmu zai ɗauki wata gafaka da aka tsinta a soron wani tsohon gida a Rano, ya sa wata ɗaliba ta bi sawun takardar da tawadar har Burumburum, a sami kuma waɗanda ba sa son a buɗe zancen, to ita ce za ta fara saye. Na miƙa wannan ga marubutanmu, da roƙo guda: wanda zai rubuta ya fara zuwa ya ga wuraren da idonsa, ya gaida dattawa, ya kuma bambance wa mai karatu abin da ya samu da abin da ya ƙaga.

Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, na cikin ganuwa da na wajenta, Ya sa mu dace. Wassalam.